Joe Gans: Tsohon Gwanin Da Har Yau Ake Auna 'Yan Damben Marasa Nauyi Da Shi

Duk lokacin da masana damben boksin suka zauna tantance wanda ya fi kowa a ajin marasa nauyi, wato ajin da ɗan dambe ba ya wuce kilo 61 da 'yan kai, sunaye uku ne ba sa barin bakinsu. Akwai Roberto Duran na ƙasar Panama, akwai Benny Leonard na birnin New York, sannan akwai Joe Gans, baƙar fatan Amurka wanda ya rasu tun a 1910. Duran dai duniya ta kalle shi a talabijin. Leonard ya yi zamani da manyan jaridun da suka ɗaukaka shi. Shi kuwa Gans, abin da ya rage na dambensa 'yan guntayen finafinai ne marasa sauti, dishi-dishi, sai kuma rahotannin jaridun da da yawansu ba su ƙaunar launin fatarsa. Duk da haka, fiye da shekara ɗari bayan rasuwarsa, an kasa cire shi daga lissafi.

Tarihin rayuwarsa ya isa ya nuna dalili. Ya kuma nuna cewa ƙidaya nasara da faɗuwa a takarda ba ta wadatar wajen auna ɗan dambe. Dole a duba su wane ne ya kara da su, da sharuɗɗan da aka gindaya masa kafin ya shiga fage, da kuma abin da ya bar wa na baya.

Daga kasuwar kifi zuwa fagen dambe

An haifi Joe Gans a ranar 25 ga Nuwamba, 1874, a birnin Baltimore da ke jihar Maryland, shekara tara kacal bayan an haramta bauta a Amurka. Ya tashi a hannun mariƙiyarsa Maria Gant, wadda ya ɗauka a matsayin uwa har ƙarshen rayuwarsa. Sunanta ya fara amfani da shi, kafin rubutun 'yan jarida ya mayar da Gant ya koma Gans, shi kuma ya bar shi a haka.

Tun yana yaro ya shiga aikin ƙarfi a kasuwar kifi ta bakin tashar jiragen ruwan Baltimore. Ƙofar da ya bi ya shiga dambe kuwa ƙofa ce ta wulaƙanci. A wancan zamani gidajen wasa na Amurka kan tara samari baƙaƙe da yawa a fage ɗaya, a sa su su yi ta dukan juna don nishaɗin fararen 'yan kallo, wanda ya rage a tsaye shi ke ɗaukar 'yan kuɗin da aka sa. A irin wannan turmutsitsi ne aka fara lura da yaron da ba ya kai duka barkatai, wanda ke kaucewa ya bar saura su gajiyar da juna. Wani ɗan kasuwar dambe kuma ɗan caca mai suna Al Herford ya ɗauke shi, ya zama manajansa na tsawon shekaru fiye da goma.

A farkon shekarun 1890 Gans ya fara damben kuɗi. Abin da ya bambanta shi da sauran tsaransa shi ne yadda ya ɗauki dambe a matsayin ilimi. Yawancin 'yan damben lokacin ƙarfi da juriya suka dogara da su: a tsaya gaba da gaba, a yi ta musayar naushi har ɗaya ya faɗi. Gans ya koyi tare naushi da tafin hannu da gwiwar hannu, ya koyi kauce masa da ɗan motsin kai, ba ya ɓata taku ko ɗaya. Yakan jira abokin karawa ya kawo duka ya yi kuskure, sai ya mayar masa da gajeren naushi a haɓa. Wannan natsuwa ce ta sa tun yana da ƙuruciyarsa aka laƙaba masa sunan da ma'anarsa ita ce Tsohon Gwani.

Sai dai gwaninta ba ta isa ta buɗe wa baƙar fata hanya ba. A 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta raba baƙaƙe da farare a wuraren jama'a. Manyan zakaru farare, irin su John L. Sullivan, sun ƙi yarda su kara da baƙaƙe. Wanda aka yarda a kara da shi kuwa, sai ya karɓi kaso mafi ƙanƙanta, sau da yawa kuma sai ya yi alkawarin ba zai sumar da abokin karawarsa da wuri ba, domin 'yan caca su ci riba. A cikin wannan tsari Gans ya yi ta neman abincinsa.

Tabon Chicago

A watan Maris na 1900 ya sami damar farko ta neman kambun duniya, inda ya kara da zakaran lokacin, Frank Erne, a New York. Karon kai da suka yi ya tsaga masa fatar ido, jini ya rufe masa gani, aka tsayar da damben a turmi na 12. Masu suka suka ce tsoro ya ji.

Abin da ya fi wannan muni ya zo a ranar 13 ga Disamba na wannan shekara, a birnin Chicago. An haɗa shi da Terry McGovern, zakaran ajin da ke ƙasa da nasa, mutumin da bai kai shi girman jiki ba. Gans ya yi ta zubewa ƙasa a kan naushin da bai kai ya kawo ba, aka gama damben a turmi na biyu. 'Yan kallo ba su ruɗu ba, domin tun kafin a fara an ga yadda kuɗin caca ya karkata gefe ɗaya. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa hukumomin Chicago suka haramta damben kuɗi, kuma bai dawo bisa doka a birnin ba sai a 1926. Bayan wasu shekaru Gans da kansa ya amsa cewa damben na haɗin baki ne, ya kuma ɗora alhakin shirya shi a kan manajansa.

Wannan tabo ne da masoyansa ba su iya gogewa. Gaskiya ne cewa baƙar fatan da ya ƙi bin umarnin masu kuɗi a 1900 zai iya rasa hanyar cin abincinsa baki ɗaya. Gaskiya ne kuma cewa talakawan da suka sa kuɗinsu a kansa an cuce su, kuma da hannunsa a ciki. Mai son auna Gans da adalci sai ya riƙe waɗannan gaskiya biyu tare. Abin da damben Chicago ke koyarwa game da lissafi shi ne, akwai faɗuwar da aka rubuta wa 'yan damben wancan zamani wadda ba a fage aka yanke ta ba, a ɗakin 'yan caca aka yanke ta.

Kambun duniya cikin ƙasa da minti biyu

Ya ɗauki shekara ɗaya da rabi yana wanke sunansa da nasara bayan nasara kafin Erne ya sake ba shi dama. A lokacin an hana damben kuɗi a jihar New York, don haka aka tsallaka iyaka zuwa garin Fort Erie na ƙasar Kanada, daura da birnin Buffalo inda Erne ya girma. A ranar 12 ga Mayu, 1902, Gans ya sumar da shi a turmin farko, cikin ƙasa da minti biyu. Da wannan ya zama baƙar fata haifaffen Amurka na farko da ya riƙe kambun duniya a damben boksin. George Dixon ya riga shi zama zakara, amma shi haifaffen Kanada ne. Jack Johnson kuwa sai a ƙarshen 1908 ya ɗauki kambun ajin masu nauyi.

Yadda Gans ya riƙe kambun abin mamaki ne ga mai kallon damben yau, inda zakara kan fito sau biyu a shekara. Shi yakan yi dambe wata bayan wata, wani lokaci mako bayan mako, kuma bai zaɓi masu sauƙi ba. A ranar 7 ga Disamba, 1903, ya kara da Dave Holly a Philadelphia, ya hau jirgin ƙasa, washegari ya shiga fage a Boston da matashi Sam Langford. Sun yi turmi 15, aka ba Langford nasara da maki, ko da yake kambun bai shiga cikin yarjejeniyar ba. Wannan Langford shi ne daga baya ya riƙa sumar da 'yan ajin masu nauyi. A watan Satumba na 1904 Gans ya hau aji na gaba ya kara da zakaransa, Joe Walcott ɗan Barbados, suka yi turmi 20 aka tashi kunnen doki. Ya kuma kara sau uku da Jack Blackburn, ɗaya daga cikin baƙaƙen da farare ke gudu.

Duk da haka ba a bar shi ya ci moriyar kambunsa cikin kwanciyar hankali ba. A watan Oktoba na 1904 ya kara da Jimmy Britt a San Francisco, aka ba shi nasara a turmi na biyar saboda Britt ya dake shi yana ƙasa. Bayan haka wasu jaridu suka riƙa yaɗa cewa Gans ya daina iya sauka zuwa nauyin ajin, suka fara kiran Britt zakara. Da Battling Nelson ya sumar da Britt a 1905, sai aka ƙirƙiro masa kambun zakaran farare. Shi ya sa har yau wasu kundayen ke nuna kamar mulkin Gans ya katse a 1904, alhali babu wanda ya ƙwace kambun daga hannunsa a fage.

Ya shiga 1906 ya rabu da Herford, aljihunsa kuma babu komai, domin rabon da ake yi masa bai taka kara ya karya ba, abin da ya samu kuma caca ta cinye mafi yawansa.

Turmi 42 a Goldfield

A daidai wannan lokaci wani gari mai suna Goldfield ya bunƙasa a hamadar jihar Nevada saboda zinariyar da aka gano. Attajiran garin na neman abin da zai ja hankalin duniya ga hannayen jarin ma'adinansu. Wani mai gidan caca, Tex Rickard, ya kawo shawarar a haɗa Gans da Nelson. Ya sa ladan Dala 30,000, ya jera su a tsabar zinariya a bainar jama'a don kowa ya gani. Daga wannan dambe ne Rickard ya fara hanyar da ta mayar da shi babban mai shirya dambe na Amurka.

Oscar Nelson haifaffen Kwapanhagan ne ta ƙasar Danmak, ya girma a Amurka. Shekarunsa 24, Gans kuma 31. Ba gwani ba ne, amma mutum ne mai taurin kai da jimirin da ya wuce misali, wanda ke shan duka goma don ya rama ɗaya. Manajansa Billy Nolan ya san Gans na cikin matsin kuɗi, sai ya gindaya sharuɗɗan da ya ga dama. Na farko, Nelson zai ɗauki Dala 20,000, zakara kuma ya ɗauki 10,000, ko wa ya yi nasara. Na biyu, dole Gans ya hau sikeli sau uku a ranar damben, na ƙarshe dab da shiga fage, kada ya wuce laba 133, wato kimanin kilo 60, kuma sanye da kayan dambensa. Manufar a fili take: a hana shi ci da sha, a tsotse masa ƙarfi tun kafin a buga ƙararrawa. Gans ya amince da duka.

An yi damben a ranar 3 ga Satumba, 1906, a fili, cikin zafin hamada, gaban dubban mutane. Ba a ƙayyade yawan turmi ba. Sai wanda ya kasa. Tun daga farko Gans ya riƙa jifan fuskar Nelson da naushi yadda ya so, ya kai shi ƙasa fiye da sau ɗaya. Nelson ya riƙa tashi yana kutsowa, yana sa kai yana tunkuyi, alƙalin wasa George Siler na ta yi masa gargaɗi. Akwai lokacin da Nelson ya faɗi, Gans ya miƙa hannu ya tashe shi, shi kuwa ya saka masa da duka. A turmi na 33 ƙashin hannun Gans ya karye. Ya ɓoye ciwon, ya riƙa ɗingishi don a zaci ƙafarsa ce ta sami matsala, ya ci gaba da dambe da hannu ɗaya. A turmi na 42, rana ta yi ƙasa, fuskar Nelson ta kumbura har idonsa ɗaya ya rufe, sai ya kai wa Gans naushi ƙasa da ɗamara. Siler ya kore shi, ya ba Gans nasara. An shafe kusan awa uku, kuma a duk ƙarni na 20 ba a sake yin damben kambun marasa nauyi da ya kai wannan tsawo ba.

Abin lura shi ne, mahaƙa zinariyar da suka cika wurin, waɗanda kusan dukansu farare ne, bayan Gans suka bi, suka yi wa Nelson ihu. Wannan ya faru ne makonni uku kafin gungun farare su far wa unguwannin baƙaƙe a birnin Atlanta su kashe mutane da dama. An ɗauki damben a fim, aka yi ta nuna shi a garuruwa, kuma guntayensa ne babbar shaidar da ta rage ta irin gwanintar Gans.

Da kuɗin da ya samu ya koma Baltimore ya gina otel, ya sa masa suna Goldfield, aka buɗe a 1907. Wuri ne da baƙi da fari ke zama tare a birnin da wariya ta yi katutu. A nan ne matashin makaɗin piyano Eubie Blake, wanda daga baya ya shahara a duk Amurka, ya sami aikin da ya fito da shi.

Faɗuwar rana

Gans ya ci gaba da kare kambunsa. A ranar farko ta 1907 ya sumar da Kid Herman a garin Tonopah, a watan Satumba kuma ya sake doke Jimmy Britt, wanda ya janye saboda rauni a hannu. Amma jikinsa ya fara ba da baya. Tarin fuka, cutar da ke kashe talakawan biranen Amurka da yawa a lokacin, ya kama shi. Marubuta tarihinsa da dama na ganin yawan ƙuntata wa jiki don sauka zuwa laba 133, musamman a Goldfield, ya taimaka wajen raunana shi.

A ranar 4 ga Yuli, 1908, a garin Colma na jihar Kalifoniya, ya sake haɗuwa da Nelson. Ya fara da kyau kamar kullum, amma numfashi ya gaza masa, aka sumar da shi a turmi na 17. Shekara shida na mulkinsa suka ƙare. Bayan wata biyu suka kara a karo na uku a wuri ɗaya, ya kai turmi na 21 kafin ya faɗi. Dambensa na ƙarshe shi ne wanda ya yi da Jabez White ɗan Ingila a New York, a watan Maris na 1909. A jimlace ya shiga fage kusan sau 200, ya kuma sumar da abokan karawa kimanin 100.

A lokacin babu maganin tarin fuka. Sai a shekarun 1940 aka samo allurar da ke kashe ƙwayar cutar. Abin da likitoci ke iya yi shi ne su tura majiyyaci wuri mai busasshiyar iska, don haka Gans ya tafi Arizona a 1910. Da ya ga babu sauƙi, sai ya nemi a mayar da shi gida ya cika a gaban mahaifiyarsa. Aka ɗauko shi a jirgin ƙasa, tafiyar kwanaki, likita na tare da shi. Ya isa Baltimore da sauran numfashi, ya rasu a ranar 10 ga Agusta, 1910, yana da shekara 35. Dubban mutane suka fito jana'izarsa, aka binne shi a maƙabartar Mount Auburn, ta baƙaƙen birnin. Makonni biyar kafin nan Jack Johnson ya doke Jim Jeffries a Reno, a damben da shi ma Rickard ne ya shirya, kuma ƙurar wannan dambe ta rufe labarin Gans na tsawon shekaru.

Da wane sikeli za a auna su?

Hausawa na cewa zamani riga ne. Damben da Gans ya yi da wanda ake yi yau suna ɗaya ne, amma dokokinsu sun yi nisa da juna. A zamaninsa safar hannu ba ta wuce oza biyar ba, yau kuwa 'yan wannan aji oza takwas suke sawa. Babu robar kare haƙora. Wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa ba a tilasta masa komawa kusurwa mai nisa ba, yana iya tsayawa kusa yana jiran ya ɗago. Ana yin turmi 20, ko 45, ko ma a bar shi ba iyaka. Daga baya aka tsayar da damben kambu a turmi 15, sannan aka rage shi zuwa 12 bayan rasuwar Duk Koo Kim ɗan Koriya ta Kudu, wanda ya mutu sakamakon dambensa da Ray Mancini a 1982, a wannan aji na marasa nauyi. Mai shirin turmi 45 dole ya yi tattalin ƙarfinsa, mai shirin 12 kuwa yana iya buɗe wuta tun daga farko. Shi ya sa wanda ya kalli tsohon fim ya ce mutanen da ba su da sauri, bai yi la'akari da tsawon tafiyar da ke gabansu ba.

Batun sikeli ma haka yake. Yau iyakar ajin laba 135 ce, kuma ana awo kwana ɗaya kafin dambe, ta yadda ɗan dambe zai ci ya sha ya shiga fage da ƙarin kilo da yawa. Gans ya hau sikeli ne mintuna kaɗan kafin a fara. Da yawa daga waɗanda ake kira marasa nauyi a yau, da a zamaninsa suke, da aji na gaba za a tura su. Haka kuma a lokacinsa kambu ɗaya ne a kowane aji, azuzuwan kuma ba su kai goma ba. Yau akwai manyan hukumomi huɗu, WBA da WBC da IBF da WBO, kowace da zakaranta, a azuzuwa 17. Kalmar zakaran duniya ta yi araha.

Saboda haka tambayar wa zai doke wa, da a ce an haɗa su, ba ta da amsa, domin sai an fara yanke da dokar wane zamani za a yi damben. Abin da za a iya aunawa shi ne yadda kowa ya yi da mutanen zamaninsa. Benny Leonard ya riƙe kambun daga 1917 zuwa 1925, a lokacin da ajin ke cike da gwanaye, ya ajiye shi ba tare da an ƙwace ba. Amma yawancin dambensa an yi su ne a ƙarƙashin dokar da ta hana alƙali bayyana wanda ya yi nasara idan ba a sumar da kowa ba, sai dai jaridu su yanke. Henry Armstrong ya haɗa kambu uku a lokaci ɗaya a 1938, amma zamansa a wannan aji gajere ne. Ike Williams ya mamaye ajin a ƙarshen shekarun 1940 yana ƙarƙashin manajan da ke da alaƙa da gungun 'yan daba, abin da ya bayyana a gaban kwamitin Majalisar Dattawan Amurka a 1960. Duran ya karɓi kambun daga Ken Buchanan a 1972, ya kare shi sau 12, sannan ya hau aji ya doke Sugar Ray Leonard a 1980. Pernell Whitaker, wanda ya haɗa kambunan ajin a 1990, ya kai fasahar kauce wa duka matuƙa.

Kowane zamani kuma yakan fifita wanda ya gani da idonsa. Nat Fleischer, wanda ya kafa mujallar The Ring a 1922 kuma ya ga Gans da Leonard duka, ya sa Gans a kan gaba a jerin da ya fitar a 1958. A 1999 kuwa, masanan da kamfanin dillancin labarai na AP ya tara sun zaɓi Duran a matsayin gwarzon ajin na ƙarnin. Gani ya kori ji, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya ga Gans a raye.

Idan aka ɗora shi a kan ma'aunai ukun da aka ambata tun farko, nauyinsa na fitowa fili. Ta fuskar abokan karawa, bai guji kowa ba, har da baƙaƙen da sauran zakaru ke kauce wa da waɗanda suka fi shi nauyi. Ta fuskar sharuɗɗa, babu wani zakaran wannan aji da ya yi mulki da hannu ɗaure kamarsa: rabo kaɗan, sikelin mugunta, jaridu masu neman faɗuwarsa, daga ƙarshe kuma cuta a ƙirji. Ta fuskar gado, salon tarewa da mayar da martani da ya inganta shi ne ya zama tushen koyar da dambe. Jack Blackburn, wanda ya sha karawa da shi, shi ne ya horar da Joe Louis tun daga 1934, kuma masana da yawa na ganin tsarin takun Louis da gajeren naushinsa sun yi kama da na Gans.

A 1990, yana cikin rukunin farko da aka shigar zauren karrama gwarazan dambe na duniya da ke garin Canastota na jihar New York. A babban ɗakin wasa na Madison Square Garden kuma an ajiye mutum-mutuminsa na tagulla, aikin masassaƙi Mahonri Young, wanda 'yan dambe suka daɗe suna shafa hannunsa kafin su shiga fage. Muhawara kan wanda ya fi kowa a ajin marasa nauyi ba za ta ƙare ba, kuma mai zaɓen Duran ko Leonard yana da hujjarsa. Amma duk wanda zai yi wannan hukunci da adalci, sai ya fara tambayar abin da gwaninsa zai iya yi da a ce shi aka ɗora a sikeli sau uku a rana ɗaya, aka ba shi kashi ɗaya cikin uku na lada, sannan aka ce ya yi turmi 42 a cikin rana da karyayyen hannu.